Waziri da Mutumin da Ba a Haifa Ba

In dai maganar sanin halin mutum ake yi, ku matsa ku ba ni wuri. Ni kallo ɗaya nake yi wa mutum, daga hula zuwa diddige, in gaya maka abin da ya ci jiya da abin da zai aikata gobe. Ban wuce aji shida ba, amma wannan karatun ko masu digiri a wurina suke ɗauka. To, ban da ranar Laraba a kasuwar awaki, da na ga wani dattijo da farin gemu da carbi har gwiwa, na ce, "Baba, don Allah riƙe mini akuyar nan in kama ruwa." Har yanzu yana riƙe da ita. Allah dai ya sa yana ba ta dusa.

Shi ya sa kuka gan ni yau jiki ba ƙwari. Ga zafi, ga gajiya, ga Barmo tela ya ce wandona sai an kawo wuta. Tunda zaman jira ya haɗa mu a rumfar nan, ku gyara zama in ba ku labarin wanda ya fi ni sanin hali, shi ma sanin ya kusa raba shi da garinsu.

A zamanin da, tun ana auna tafiya da kwana ba da awa ba, an yi wani sarki a wani gari mai ganuwa da ƙofa bakwai. Sarkin nan ya tsufa a kan karaga. Ya gaji da yaƙi, ya gaji da sulhu, ya gaji da shari'ar gona da ta gado. In fadawa suka ce masa, "Ranka ya daɗe," sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ai ya daɗen, shi ne abin da ya dame ni."

Abu ɗaya ne ya rage masa na jin daɗi. Kullum bayan la'asar, a gindin durumin da ke ƙofar fada, wani tsoho da ake kira Cindo yakan shimfiɗa buzunsa ya ba da labari, Sarki na ji, mutanen gari na ji. Cindo ba maroƙi ba ne, ba ya wasa kowa. Ba malami ba ne, ba ya wa'azi. Ƙaga labari ce sana'arsa, shekara talatin yana abu ɗaya, har muryarsa ta dushe, gwiwoyinsa suka daina yi masa biyayya.

To, a wata shekara sai Cindo ya ɗauko labarin wani mutum wai shi Tanimu, mai tsaron rumbunan hatsi a wani gari. Abin da ya sa labarin ya kama mutane, Cindo bai taɓa buɗe baki ya ce Tanimu marowaci ne ba. Ko sau ɗaya. Sai dai ya ce, in Tanimu ya iso wurin tsakuwa, sai ya cire takalmansa ya maƙale a hammata ya taka da ƙafa, wai ƙafa in ta fashe tana warkewa, takalmi kuwa ba ya warkewa. Ya ce in Tanimu ya ciro goro a cikin mutane, kowa ya fara haɗiyar miyau, sai ya sansana shi, ya lumshe ido, ya mayar aljihu. Goro ɗaya tun kaka har bazara. Mutane su yi ta dariya har da riƙe ciki. Sarki ma da ya manta yadda ake dariya, sai aka ga rawaninsa yana motsi.

Sai ranar da labari ya daina ba da dariya. Kun dai san al'ada, sallama uku ce. In ka yi ta uku ba a amsa ba, mai mutunci juyawa yake yi. Cindo ya ce wata rana da hantsi aminin Tanimu na ƙuruciya ya zo ƙofar gidansa, ciwo ya cinye shi, yana dogara sanda. Tanimu yana cikin zaure bayan asabari, ya gane muryar, ya san abin da ya kawo shi. Ta farko, ya yi shiru. Ta biyu, ya riƙe numfashi. Ta uku, ya runtse ido. Ashe ya manta takalmansa a bakin ƙofa. Aminin ya dubi takalman, ya sunkuya da ƙyar, ya kaɗe musu ƙura, ya jera su a inuwa don kada rana ta ɓata su, ya juya ya tafi.

Nan Cindo ya naɗe buzunsa. Kwana bakwai bai ƙara ko kalma ɗaya a kan labarin ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Tanimu ya ƙi motsi."

Shi kuwa Sarki yana da waziri, sunansa Gwadabe. Mutum ne mai aiki, ba ya cin hanci, ba ya makara, amma hannunsa kamar an ɗaure da tsirkiya. Da ma mutanen gari neman abin faɗi suke yi. Kafin mako ya zagayo, in Waziri ya wuce ta kasuwa sai ka ji wani ya yi tari ya ce, "Tanimu, a sauka lafiya." Mahauta su kwashe da dariya, in ya waiwayo kowa ya sunkuya kan namansa.

Ranar Litinin fada ta cika, Waziri ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ƙara na kawo. Tsohon nan Cindo ya ɗauke ni ya sa a labari, ya sauya mini suna kawai. Doka kuwa tun ta kakanni ce: wanda ya mai da basarake abin dariya, a fitar da shi ta ƙofar gari da abin da kansa zai iya ɗauka, kada ya ƙara dawowa."

Sarki ya dube shi da idon barci. "Wato kai ne kake maƙale takalmi a hammata, Waziri?"

"Ranka ya daɗe, ban ce ina yi ba. Na ce mutane sun ce da ni ake."

"To me ya fi ci maka rai a ciki?"

"Abu uku ne. Takalmi, da goro, da kuma..." Ya gyara rawani. "Da maganar sallamar nan."

Aka aika dogari ya zo da Cindo. Ku duba fa, mutumin nan ya haura saba'in. A garin aka haife shi, a garin aka binne matarsa, ba shi da ɗa, ba shi da dangi a wani wuri. Daga gidansa zuwa fada ma sai ya huta sau biyu. Kora a irin wannan shekaru kisa ne, jini ne kawai ba a zubar ba.

Sarki ya ce, "Cindo, ka ji ƙara. Wane ne Tanimu?"

Cindo ya durƙusa, gwiwa ta yi ƙara har dogarai suka ji. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Tanimu ba a haife shi ba. Ni ba na ɗaukar mutum ɗungurungum in sa a labari. Wanda ya yi haka gulma ya yi. Ni tsintuwa nake yi, kamar mai haɗa riga da ƙyallaye. Ina zama inda mutane ke jira, gaban wanzami, bakin rijiya, rumfar maƙera. Ba na sauraron baki, don baki bafade ne, ya iya gaisuwa. Hannu nake kallo, da ƙafa, da abin da mutum ke yi in yana tsammanin ba a ganinsa. In na tara ƙyallayen sai in ɗinke, in raɗa masa suna. Daga nan in jefa shi cikin yunwa, in ba shi amana, in bar shi a ɗaki shi kaɗai, in koma gefe in ga abin da zai yi."

Waziri ya ce, "Daɗin baki ne, ranka ya daɗe. Sana'arsa ke nan."

Sarki ya yi hamma, dogarai suka ce, "Lafiya Zaki!" Ya ɗaga musu hannu don su yi shiru. Ya ce, "To ga hukunci. Abu uku Waziri ya lissafa, kwana uku na ba ka. Kullum ka kawo mini mai ƙyalle ɗaya, ya tsaya a nan ya ce nasa ne, ko a samu mai shaida. In ƙyalle ɗaya ya rasa mai shi, to na Waziri ne, kai kuma ka nemi gammo."

Washegari aka zo kan takalmi. Waziri ya zauna yana murmushi, don a ganinsa babu mai hankalin da zai tsaya gaban Sarki ya ce shi ne abin dariyar gari. Sai ga hayaniya a ƙofar fada. Mutum uku ne ke kokawar shigowa. Na gaba wani marini ne mai suna Dogara, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu.

Dogara ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, takalmin nan nawa ne! Shekara ashirin ina yi, duk karofi, inda muke rini, an sani. Waɗannan biyun kwaikwayo suke yi."

Na bayansa, wani mai jakai, ya ce, "Ƙarya yake yi, ranka ya daɗe! Ni a wurin ubana na gada. Shi kuwa marinin nan takalmin nasa ma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Kai da jakinka ya fi ka tsafta za ka yi maganar takalmi?"

Sai da dogarai suka shiga tsakani. Dogara yana fita yana waiwaye yana cewa, "Baba Cindo, don Allah in za ka sake ba da labarin ka riƙa faɗin sunana, yara su sani."

Sarki ya ce, "Ƙyalle ɗaya, masu shi uku. Waziri, ka rasa takalmi."

Rana ta biyu aka zo kan goro. Cindo ya iso a makare, yana tafe da wata tsohuwa mai suna Gwamma, maƙwabciyarsa, su biyun kamar an jingina kara da kara. Sarki ya ce, "Iya, ke ce mai sansana goro?"

Gwamma ta ce, "Ni? Allah ya kiyaye, ɗan nan, ni in na samu goro ko ɓawon ba na bari." Dogari ya daka mata tsawa, wai ba a ce wa Sarki ɗan nan. Ta ce, "To ranar da aka haife shi ni na daka yajin jegon, me zan ce masa?" Sarki ya ce a ƙyale ta.

Ta ce, "Mai goron tana ƙasa. Kande ce, matar wannan tsohon. Ni shaida ce, da idona na gani ba sau ɗaya ba."

Waziri ya yi caraf ya ce, "Wato matarka ce marowaciyar, Cindo? Mamaciya ka tona wa asiri don ka tsira?"

Cindo ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ranka ya daɗe Waziri, Kande in ta dafa tuwo sai unguwa ta ci kafin ta ci. Haƙora ne suka ƙare mata. Tana son goro kamar ranta, ba ta iya tauna shi. In na kawo mata sai ta sansana, ta lumshe ido, ta ƙulle a gefen zane, in baƙo ya zo ta ba shi. Ni kuma na ɗauki hannun nan nata, na ba Tanimu, na cire baƙon. A wurinta ƙauna ce, a wurinsa rowa. Aiki ɗaya ne, zuciyar da ke bayansa ce take ba shi suna. Shi ya sa ba na gaya wa mutane wane mugu ne, wane nagari ne. In na faɗa, sun ji da kunne, gobe sun manta. In suka gano da kansu, ya zama nasu."

Gwamma ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ni dai a ba ni goro in tafi, ƙafata ta gaji." Sarki ya sa aka cika mata ƙwarya.

Amma duk wanda ke wurin ya san ba a zo wurin ba tukuna. Takalmi abin dariya ne, kowa na so a ce nasa ne. Goro kuma mai shi ta riga mu gidan gaskiya. Sallama fa? Wane ne zai tsaya a gaban jama'a ya ce, ni ne na ji muryar aminina da ciwo na riƙe numfashi? Mutane suka fara zuwa gidan Cindo suna yi masa ban kwana a fakaice. Wani ya kawo masa gora, wani ya kawo sanda. Shi kuwa ya ɗaure buzunsa da tabarma da 'yar tukunya ɗaya, ya gwada ɗagawa, ya kasa, ya cire tukunyar.

Rana ta uku, tun hantsi fada ta cika har kan katanga. Cindo ya shigo shi kaɗai.

Sarki ya ce, "Ina mai ƙyallen?"

"Ga shi a gabanka, ranka ya daɗe. Nawa ne." Ya numfasa. "Ba amini ba ne, wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zo da ciwo yana so ya zauna a wurina. Ni kuma lokacin nan na fara samun shiga a fada, ina tsoron ɗawainiya. Na yi shiru har ta uku ta wuce. Da na fito na tarar ya jera mini takalma a inuwa. Ƙyallen waje a wurin mutane nake tsinta, Allah ya ba ka nasara. Amma shafin ciki, wanda ke taɓa fata, kullum daga jikina nake yanka."

Waziri ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe aka fara karɓar shaidar mutum a kan kansa? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ina shaidarsa? Wa ya gani?"

Cindo ya ce, "Ai irin wannan ba a yin sa a gaban shaida."

"To ka ji, ranka ya daɗe. Ƙyalle ya rasa mai shi. Alkawarin sarki kuwa ba ya tashi."

Sarki ya rufe ido. Maganar Waziri tana kan hanya, shi ma ya sani. Har ya ɗaga hannu zai kira dogarai, sai Alƙali Jatau ya yi gyaran murya. Alƙalin nan tsoho ne tukuf, kullum a fada gyangyaɗi yake yi, har ana cewa in ya mutu a zaune sai an kwana biyu kafin a lura.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Gaskiya ne mutum ba ya yi wa kansa shaida. Amma abin da baki ke kunyar faɗi, a tambayi hannu. A kawo tulu mai ƙaramin baki a ajiye a soron can. A ba kowane bafade ƙwayar gyaɗa ɗaya. Kowa ya shiga shi kaɗai. Wanda bai taɓa jin sallamar mai haƙƙi a kansa ya yi shiru har ta uku ta wuce ba, ya cinye gyaɗarsa, halal. Wanda ya taɓa, ya jefa a tulu. Ba mai ganinsa sai Wanda ya halicce shi. In tulu ya fito wayam, a kori Cindo. In an sami ko ɗaya a ciki, ƙyalle ya sami mai shi."

Waziri ya buɗe baki zai yi magana, Sarki ya ce, "An yi haka."

Mutum arba'in aka ba gyaɗa, ban da Cindo. Sarki ya miƙa hannu ya ce a ba shi tasa, ta arba'in da ɗaya. Aka fara shiga ɗaya bayan ɗaya. Ku zo ku ga ikon Allah. Galadima ya fito yana motsa baki kamar akuya mai tuƙa. Shamaki ya fito yana sakace. Sarkin kasuwa har da cewa gyaɗar ba ta ji gishiri ba. Kowa na so a san ya cinye tasa. Waziri ya shiga, ya daɗe fiye da kowa, ya fito bai dubi kowa ba. Sarki ya shiga ƙarshe, yana jan ƙafa.

Cindo yana zaune a ƙasa yana kallon masu taunar nan, ya ce a ransa shi ke nan, ta ƙofar gabas zai fita, ta fi kusa da maƙabarta, ya tsaya ya yi wa Kande sallama.

Aka kawo tulu, Alƙali ya tuntsurar da shi a kan buzu. Sai ga gyaɗa shaaa. Ya sa yatsa yana ware su ɗaya-ɗaya, jama'a na bin sa da ido. Talatin da takwas.

Galadima ya daina tauna. Shamaki ya jefar da tsinken sakace.

Sarki ya dubi tarin gyaɗar nan. Sannan ya ce, "Ɗaya tawa ce. Matar da ta goya ni ce. Ta zo ƙofar soro shekarar da aka naɗa ni, na ji kunyar tsummanta." Ya juya ga Waziri. "Ƙyallen da ke da masu shi talatin da takwas ba a ce na mutum ɗaya ne. Gwadabe, duk garin nan babu wanda ya kai sunanka cikin labarin nan a gabana sai kai. Cindo, kwance kayanka, koma buzunka. Sankira kuma ya zaga ƙofa bakwai ya faɗa: daga yau duk wanda ya ƙara kiran Waziri Tanimu, za a kawo shi nan a ba shi gyaɗa a gaban jama'a."

Daga ranar nan ba a ƙara jin tari a kasuwa ba. Kai, har masu tarin gaskiya haɗiyewa suke yi in Waziri zai wuce.

Da gari ya waye, Cindo yana zaune a ƙofar gida yana shafa wa gwiwarsa man kaɗe, sai ga Waziri a ƙasa, ba doki, ba zagi. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi wa talaka ba. Suka gaisa.

Waziri ya ce, "Malam Cindo, ba faɗa ya kawo ni ba. Tambaya ce. Tanimun nan, ƙarshensa me ya yi?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Kai ka ƙage shi fa."

"Ni na ƙage shi, amma ba na iya tura shi. In na ce washegari ya tashi ya zama mai kyauta, ya rabar da rumbu, yaran unguwa ma za su ce ƙarya ce. Mutum ba ya sauyawa da abin da babu a cikinsa. Na duba cikin Tanimu, abu ɗaya na gani mai rai: tun ranar nan tuwo ba ya yi masa daɗi. Wannan zai iya kai shi ƙofar amininsa, zai iya kuma barinsa a zaure har ya mutu. Ni kuwa ban san yadda ake zuwa ba. Nawa ya rasu kafin in gama shawara. Shi ya sa labarin ya tsaya." Ya dubi Waziri. "Naka fa?"

Waziri ya sunkuyar da kai. "Yana nan da rai. Wana ne shi ma. Maginin tukwane ne, a wani ƙauye bayan rafi. Shekara tara ke nan."

Cindo ya ci gaba da shafa mansa. Ya ce, "To ka fi ni sanin ƙarshen labarin. Ni na gaji."

Waziri ya tashi ya kama hanyar ƙauye shi kaɗai, rana na dukansa. Da ya kai rafi sai ƙafa ta ƙi. Ya juyo, ya yi taku ashirin, ya koma. Ya sake juyowa, ya sake komawa. Daga nan ya zauna a gindin wata kanya, ya warware rawaninsa, ya tusa fuska a ciki, ya yi kuka irin na yaron da aka yaye. Babu wanda ya gan shi, ko tsuntsu, ko ƙadangare. Kuma bai taɓa gaya wa kowa ba har ya koma ga Allah. Da ya gama ya wanke fuska, ya naɗe rawanin ya riƙe a hannu, ya haye.

Ya isa ƙofar gidan, ga tukwane an shanya, ga hayaƙi na tashi. Ya tsaya ya haɗa abin da zai yi in aka yi masa shiru, don ya san ya ci a rama. Ya ce, "Salamu alai..." Bai kai ƙarshe ba, wata tsohuwar murya daga ciki ta ce, "Gwadabe, shigo mana. Ka kula da tukwanen, ba su bushe ba."

Ranar nan bayan la'asar aka ga Cindo a gindin durumi ya shimfiɗa buzu, ya ce, "To, Tanimu ya motsa." Sarki ya gyara zama, gari ya zauna lafiya, kowa ya kama sana'arsa.

Ina kaiwa nan ina shirin karɓar yabo, sai Iya Tabawa mai fura, wadda tun ɗazu ta sauke ƙwaryarta a bakin rumfa tana fifita da faifai, ta ce, "Tsaya, ɗan nan. Kukan nan na gindin kanya, ka ce ba wanda ya gani?"

Na ce, "Ko tsuntsu, Iya."

"Kuma bai gaya wa kowa ba har ya mutu?"

"Ko matarsa."

"To kai wa ya gaya maka?"

Na ce, "Ai wani makiyayi ne a saman kanyar..."

"Ka ce ko ƙadangare babu."

Barmo ya kifa kai a kan keken ɗinki, kafaɗunsa na rawa. Iya Tabawa ta ɗauki ƙwaryarta ta aza a ka, ta gyara mayafi.

Ta ce, "In ka tuno wanda ya gaya maka, ka turo shi ya sha fura."